Fim ɗin likitar haƙori da malamin tuƙi: ya yi daɗi, amma a yi tunani kafin a kunna shi a falo

Daren jiya na zauna ni kaɗai na kalli wani fim bayan kowa ya yi barci, waya a hannu, iyafis a kunne, ba wai don kallon ya dame ni ba, bincike na shiga. Babbar 'yata ce ta matsa min kusan sati biyu, Mama don Allah mu kalla gaba ɗayanmu, wallahi ba komai a ciki dariya ce kawai, ƙawayena duk sun gani. Shekararta 15, na tsakiyan 11, autan kuma 7, kuma in an ce "gaba ɗayanmu" a gidan nan har da babansu, wani lokacin har da mahaifiyata in ta zo.

Toh ni kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Shekara biyu da suka wuce na taɓa kunna irin wannan fim ɗin ba tare da na duba ba, don hoton jikinsa wasu mutum biyu ne suna murmushi a ƙarƙashin lema, me zai faru a ƙarƙashin lema? Muna zaune har da mahaifiyata, ana ta dariya, kawai sai labari ya canza salo, na kai hannu inda na ajiye rimot babu shi, na ɗaga filo babu, ashe autan ne ya zauna a kai, kafin in zaro shi aikin gama ya gama. Ba wanda ya ce uffan. Mahaifiyata ta miƙe a hankali tace bari in je in duba ko na rufe taga, kuma har aka gama fim ɗin ba ta gama duba tagar nan ba. Tun daga ranar na ɗauki alkawari sai na fara gani.

Sunan fim ɗin ba zan faɗa ba, kuma da gangan ne. Na lura duk ranar da aka ce wa yaro kar ka kalli kaza to an ba shi adireshi kenan. Kuma irinsa sun yi yawa, kusan duk wata sai an saki sabo, wanda ya gane wannan ya gane 'yan uwansa.

Labarin wata likitar haƙori ce mai ji da kanta, a wurin aiki kowa shakkarta yake, amma ta faɗi jarrabawar tuƙi sau 4. Ta shara wa danginta ƙarya cewa ta daɗe da karɓar lasin, har ta cika baki ita za ta tuƙo kakarsu zuwa bikin ƙanwarta, tafiyar yini guda, kuma saura sati 3. Sai ta lallaɓa makarantar koyon tuƙi a ɓoye aka haɗa ta da wani malami, bawan Allah mai sanyin hali, matarsa ta rasu ta bar masa yarinya 'yar shekara 8, shi kuma a duniya ba abin da yake tsoro kamar kujerar likitan haƙori, ga shi haƙorinsa na ciwo yana ta ɓoyewa. Kun ga dai inda aka dosa, tun minti goma na farko an san za su ƙare tare, ba don mamaki ake kallon irin waɗannan ba.

Kuma gaskiya fim ɗin ya iya ba da dariya, wannan kam ba zan tauye masa ba. Akwai wurin da tana tsakiyar shataletale ta kasa fita, ta zagaya sau uku, sai ta lura yana dafe da kunci yana magana da gefen baki, kawai ta taka burki a tsakiyar titi ta kunna fitilar waya tace buɗe bakinka, motoci na ta hon ta ko'ina shi kuma ya manne da ƙofa yana girgiza kai kamar yaron da za a yi wa allura, ita ko a jikinta, tana ƙirga masa haƙoran da suka lalace. Sai da na cusa fuska a filo don kar in tashi mutane. Jaruman sun dace da juna, ba a cika surutun banza ba, kiɗan ma ba ya hawa kan magana. Kakar kuwa ita ce tauraruwar, tun farko ta gane jikarta ba ta iya tuƙi ba ta yi shiru tana kallon ikon Allah, duk fitowarta sai ta bar abin dariya. In don ni kaɗai ce, taurari 4 cikin 5 na ba shi ba tare da dogon tunani ba.

Amma ba don ni kaɗai na kalla ba. Da biro da takarda na zauna.

Matsala ta farko ta shigo a minti na 12, kuma ba jarumar ba ce, ƙawarta ce. Duk mai kallon irin waɗannan finafinan ya san wannan halittar, ƙawar jaruma ko abokin jarumi, wanda ba shi da aiki a labarin sai sakin baki. Ita wannan tun da ta ji malamin namiji ne kuma ba shi da mata shikenan ta samu abin yi, duk wani abu na mota sai ta juya shi, sitiyari, kuloci, birkin hannu, kujerar baya, magana mai harshen damo iri iri, kuma da gaske tana da ban dariya wanda shi ne ma abin haushin, don sai ka yi dariya sannan ka tuna wa ke zaune kusa da kai. Autana ba zai gane komai ba, amma zai juyo yace Mama me ta ce kuke dariya? Na tsakiyan shi ne abin tsoro, ba zai tambaya ba, zai yi shiru ya riƙe kalmar gobe ya kai wa abokai su fassara masa. Na fara jan layi duk sanda ta yi irin maganar, da na kai tara na daina ƙirgawa.

Nan ne na fi son mutane su gane. Yawancinmu in za mu tantance fim abin da muke tsoro shi ne abin da ido zai gani, sai mu riƙa tura shi gaba da sauri muna leƙen hotuna, in ba mu ga an tuɓe ba mu ce lafiya lau. A fim ɗin faɗa wannan dabarar tana aiki. A fim ɗin soyayya mai barkwanci ba ta aiki, don kayan a cikin baki suke. Kuma ba yau aka fara ba. A Amurka daga 1934 har zuwa 1968 akwai wata doka mai tsauri da kamfanonin fim suka ɗora wa kansu, wadda ta hana nuna abubuwa da yawa, har ma'aurata a fim gado biyu ake jera musu, to marubuta sai suka koyi zuba komai a cikin habaici da zaurance, babba ya gane yaro ya wuce. Dokar ta mutu, salon ya zauna, sai dai yanzu zaurancen ya yi sirara sosai, ɗan shekara 11 ma yana hango abin da ke bayansa. Ga kuma rubutun fassara da ke fitowa a ƙasa, wanda ni kullum a kunne yake saboda saurin bakinsu. Maganar da za ta wuce kunnen yaro a guje sai ga ta a rubuce ɓaro ɓaro tana jiransa ya karanta. Rage murya ba ya maganin wannan.

Babbar tawa hujjarta ɗaya ce, Mama PG-13 ne fa, ni kuma na wuce 13. Toh bari mu duba me PG-13 ɗin yake nufi. Tsarin Amurka ne, ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta fara shi a 1968, shi kuma matakin PG-13 sai 1984 aka ƙirƙiro shi saboda an samu finafinan da suka fi ƙarfin PG, matakin da ake son iyaye su ɗan sa ido, amma ba su kai R ba, wanda ɗan ƙasa da 17 sai da babba yake shiga. Waɗanda suke sa alamar wasu iyaye ne da aka ɗauka aiki, su kalla su yi ƙuri'a, kuma abin da suke ƙoƙarin aunawa shi ne me yawancin iyayen Amurka za su ɗauka. Ma'anar alamar gargaɗi ce mai ƙarfi ga iyaye cewa wani abu a ciki zai iya zama bai dace da 'yan ƙasa da 13 ba. Ba ta ce ya dace da duk wanda ya haura 13 ba, ballantana ta ce za ki iya kallonsa kafaɗa da kafaɗa da wadda ta haife ki. A ƙarƙashin wannan alamar ana iya sakin babbar ashar ɗin nan ta Turanci sau ɗaya, in ta wuce haka yawanci sai fim ya koma R, shi ya sa masu fim suke adana ta kamar kuɗin ajiya su kashe ta a inda za ta fi ƙara. A wannan fim ɗin ma haka aka yi, can wajen minti na 81, kuma a bakin wa? A bakin kakar. Na yi dariya, ƙarya ba kyau, amma na hango fuskar mahaifiyata.

A Ingila fim irin wannan galibi 12A ake sa masa a sinima, alamar da suka fito da ita a 2002, wato ɗan ƙasa da 12 zai iya shiga in da babba tare da shi. Ni dai a cikin duk alamomin nan wadda ta fi min amfani ita ce ta talabijin ɗin Amurka da aka fara a 1997, mai TV-PG da TV-14, saboda wasu haruffa da ake liƙa mata a gefe, V na faɗa da duka, L na zagi, S na harkar kwanciya, sai D na maganganun da ke karkata can. Wannan D ɗin shi ne ainihin ciwon finafinan soyayya masu ban dariya. In kun gan shi ku ɗauka ƙawar jaruma tana nan tana jiranku.

Sai maganar giya, kuma a fim ɗin nan iri biyu ce, ta mota da ta kwalba, ta kwalbar ma ta fi yawa. Kusan duk inda aka zauna akwai kofi mai dogon wuya a hannun wani, an ji haushi a sha, an ji daɗi a sha, ba a yi komai ba a sha. Akwai daren da 'yan matan amarya suka fita jarumar ta yi tatil ta hau tebur tana ba mutane shawarar goge haƙori, kuma an shirya wurin ne don a yi dariya, maye ya zama abin sha'awa. Abu ɗaya da na yaba, da ta zaro makulli tace yau za ta nuna musu ta iya, malamin ya karɓe shi a hannunta kuma a nan kaɗai a duk fim ɗin ya ɗaga murya, ba wasa a fuskarsa ko kaɗan. Wannan kam zan so 'yata ta gani.

Minti na 68 shi ne wanda kowa yake tsoro kuma abin mamaki shi ya fi sauƙin magani. Sumba ce a bakin ƙofa, ta ɗan yi tsawo, ƙofa ta rufe, allo ya yi duhu. Ba a nuna komai ba. In da a nan aka tsaya da sai in ce a danna gaba na minti ɗaya a wuce. Amma sai gari ya waye, ga ta a kicin ɗinsa sanye da rigarsa, ƙaramar yarinyar ta fito tana murza ido tana tambayar me likita take yi a gidanmu da safe, su kuma suna ta kame kame, wannan ma barkwanci ne kusan minti huɗu, kuma ba ya tsallakuwa don a cikinsa ake faɗin abin da ya juya labarin. Ba wani abu ne na gani da ido ba, yanayin ne, fim ɗin ya ɗauki abin kamar shan ruwa, ba wanda ya tsaya ya yi tunani a kai, kuma yaro abin da aka nuna masa a matsayin ba komai ba shi ya fi shiga kansa fiye da abin da aka yi masa ihu a kai. Kowane gida da inda ya ja layinsa, na sani, wani zai ce wannan ai ba komai, wani tun a sumbar ya kashe. Ni dai na faɗi abin da ke ciki.

Ƙaryar lasin ɗin kuwa da ta tonu dariya kawai aka yi aka rungume ta. Ban ji daɗi ba amma ban ɗauke shi da zafi ba, haka suke.

Abin da ban zata ba sam shi ne wurin da ya sa ni hawaye. Yarinyar tana da haƙori mai girgiɗi ta hana kowa taɓawa, ashe dalilinta shi ne na ƙarshe da ya fita mamanta ce ta cire mata, tana ganin in wannan ya fita a hannun wani kamar an shafe mamar kenan. Ta faɗa wa likitar haka a cikin mota, a hankali, tana wasa da bel. An yi wurin da kyau sosai, ba kiɗan tausayi ba komai. Amma autana irin yaran nan ne da in ya ji an ce maman wani ta mutu to ranar a ɗakina zai kwana yana taɓa fuskata cikin dare yana duba ko ina numfashi. Ba alamar shekaru da za ta gaya min wannan, ni na san ɗana. Kuma tirelar fim ɗin, ɗan guntun da ake nunawa kafin ya fito, ko alamar wurin ba ta nuna ba, shataletale da kaka kawai aka jera, tirela ai talla ce.

Ga wanda ba shi da minti 100 na zaman gadi irin nawa, akwai hanya mai sauƙi. A IMDb, shafin intanet na bayanan finafinai, kusan duk sanannen fim yana da shafin jagorar iyaye, an kasa shi gida biyar, tsiraici da kwanciya, faɗa da jini, zagi, kayan maye da sigari, sai abubuwan firgici, kuma masu kallo ne suke rubutawa suna faɗin abin da ya faru dalla dalla, sai dai a shirya don wani lokacin labarin yana tonuwa. Akwai kuma Common Sense Media, wata ƙungiya a Amurka da aka kafa a 2003, su shekaru suke sa wa fim kuma suna kawo ra'ayin iyaye daban na yara daban. Duka biyun Turanci ne. Ni yadda nake yi in na karanta, sai in nemo fitowar ƙawar jaruma ta farko in saurara minti biyar, daga nan in tsallaka wajen kashi biyu cikin uku na fim ɗin don kusan kullum a nan ƙofa take rufewa. In waɗannan biyun sun wuce lafiya sauran da wuya ya ba da kunya.

Hukuncina a kan wannan dai: mata da miji su biyu, ko ƙawaye, ku kalla za ku ji daɗi. 'Yar shekara 15 ko 16 tare da uwarta, eh, in uwar ta shirya amsa tambaya kuma ta shirya yin tata. Ɗan 11 a'a. Ɗan 7 zai gaji tun kafin a je ko'ina sannan ya tashi da kuka a wurin haƙorin. Zaman falo na kowa da kowa har da manya kuwa, tauraro 2 na ba shi, shi ma albarkacin kakar.

Da safe ina haɗa musu kayan makaranta babbar ta zo ta tsaya a bayana tace Mama kin kalla ko? Nace wa ya gaya miki. Tace ai har wajen ƙarfe ɗaya ina jin dariyarki ta bango. Nace toh na kalla, ranar Asabar in ƙannenki sun kwanta ni da ke za mu gani, rimot a hannuna, kuma in na tsayar na yi tambaya ba a ce min "Mama don Allah mana". Ta yi tsalle ta rungume ni, har ta kai ƙofa ta dawo tace amma dai ta ci jarrabawar a ƙarshe ko? Nace sai Asabar.

Babansu yana gefe yana ɗaura agogo ashe duk yana ji, yace shi fa, ba a gayyace shi ba? Nace kai ma ai layin masu duba taga kake.